Sauro ba ya koyon jure magani: amsa kan yadda zaɓin yanayi ke sauya halittu

Wani malamin SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, a wata lise a Maradi ya aiko da tambaya kamar haka: "In na zo darasin sauyin halittu, ɗalibai sai su ce sauro ya saba da maganin sange shi ya sa ba ya mutuwa, raƙumin dawa kuma wuyansa ya yi tsawo don yawan miƙa shi ga ganye. Wasu suna cewa ka'idar ba ta wuce mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi ba, wasu kuma su ce ai cewa ake biri ya zama mutum. Mene ne zaɓin yanayi a zahiri, kuma ina kuskuren yake?"

Malam, sannu da ƙoƙari. Mafi yawan amsoshin ɗalibanka tushensu ɗaya ne: suna kallon dabba guda, suna jiran su ga ta canza. Sauron da ya ƙyanƙyashe ba shi da kariya daga magani, haka zai mutu ba shi da ita, ko sau nawa ya sauka a kan sange. Abin da ke canzawa shi ne taron: cikin sauro dubu, nawa ke ɗauke da wani hali a wannan zuriya, nawa kuma a zuriya ta gaba. Ɗalibin da ya kama wannan, sauran darasin ba zai ba shi wahala ba.

Abu uku ne in suka haɗu zaɓin zai auku, ko a gona ko a jinin marar lafiya. Ƴaƴan jinsi ɗaya ba su zama daidai da juna. Ka shiga gonar hatsi da aka shuka da iri ɗaya, za ka tarar wani ya riga fitar da kai, wani zangarniyarsa ta fi tsawo, wani ya fi jure ƙishi. Sannan wani kaso na wannan bambanci ana gadonsa. Na uku, ana haifar fiye da abin da wuri zai iya ɗauka. Macen sauro tana zuba ƙwai tsakanin 50 da 200 a karo guda, kuma tana maimaitawa, amma mafi yawansu ba su kai ga girma. To in akwai wani hali na gado da ke ɗan ƙara wa mai shi damar kaiwa ga haihuwa, masu wannan hali za su fi yawa a zuriya ta gaba. Charles Darwin da Alfred Russel Wallace ne suka gabatar da wannan bayani a Landan a 1858, Darwin ya fitar da littafinsa a 1859. A lokacin bai san yadda gado ke tafiya ba. Gregor Mendel ya buga sakamakon gwajinsa na wake a 1866, mutane ba su waiwaye shi ba sai 1900, kuma sai a shekarun 1930 zuwa 1940 aka haɗa ilimin biyu wuri ɗaya.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ake yawan tsallakewa. Hatsin da ya tsiro ƙarƙashin gawo, ko inda shanu suka kwana da rani, zai fi na gefensa kauri da girman zangarniya. Manomin da ya ɗebi irinsa daga nan don ya ga ya fi kyau, taki ya zaɓa, kuma taki ba a gadonsa. Baɗi in ya shuka shi a jigawa marar ƙarfi zai fito kamar sauran. Haka nan duk abin da jiki ya samu a rayuwarsa ba ya shiga ƙwayoyin gado. Gobirawa sun yi ɗaruruwan shekaru ana yi wa ƴaƴansu zanen fuska, har yau ba a haifi jariri a Tibiri da zane ba, sai wanzami ya zo. Wannan misali kaɗai ya isa ya rushe maganar raƙumin dawa da miƙa wuya, wadda ra'ayin Lamarck ne na Faransa tun 1809. Bayanin zaɓin yanayi shi ne, a cikin kakannin raƙuman dawa akwai masu ɗan fifikon tsawon wuya, suka fi barin zuriya, aka yi ta maimaita haka tsawon miliyoyin shekaru. Masana suna muhawara kan abin da ya fi ba su fifikon, kaiwa ga ganyen sama ne ko faɗan da maza ke yi da wuya a kan mata, kuma ba mamaki duka biyun sun yi aiki.

Mu koma kan sauro da lissafi, don a nan ne ɗalibai ke gani da idonsu. Alƙaluman nan na misali ne, ka rubuta su a allo. A ce akwai sauro 1000, 10 daga ciki suna da wani canji na gado da ke rage tasirin magani. A ce maganin yana kashe 90 cikin 100 na marasa kariya, yana kashe 20 cikin 100 na masu kariya. Bayan zagaye na farko, marasa kariya 990 sun koma 99, masu kariya 10 sun koma 8. Da farko masu kariya ɗaya ne cikin ɗari, yanzu 8 ne cikin 107, wato kusan kashi 7 da rabi. Waɗannan ne za su hayayyafa su sake cika dubun. A zagaye na biyu masu kariya sun kai kashi 39, a na uku kashi 84, a na huɗu sun haura kashi 97. Babu sauro ko ɗaya da ya canza a cikin wannan lissafi. Kuma daga ƙwai zuwa babban sauro kwana goma ne zuwa mako biyu a lokacin zafi, don haka zuriya huɗu ba ta cika damana ɗaya ba. A fili abin ba ya sauri haka, saboda sauro da yawa ba su taɓa sangen ba, wasu suna cizon dabbobi a waje, kuma sauron da ya gaji canjin daga ɓangare ɗaya kawai kariyarsa ba ta kai ta wanda ya gada daga uwa da uba ba. Amma hanyar ita ce wannan.

Abin ya faru a Nijar, kuma an auna shi. Magungunan da ake sa wa sange, dangin piretroyid, suna kama wata ƙofa ce a jijiyar sauro su hana ta rufewa, sai ya shanye ya faɗi. Akwai canjin harafi ɗaya a ƙwayar gadon da ke gina wannan ƙofa, ana kiransa kdr, wanda ke sa maganin ba ya kamawa sosai. An bayyana shi a sauron Afirka ta Yamma a 1998. Da aka raba sange mai magani a faɗin Nijar a 2005 da 2006, binciken da aka buga a 2008 ya nuna yawan kdr ya ƙaru a sauron ƙasar bayan rabon. Lura da jerin shekarun: canjin ya riga rabon sangen.

Wannan jeri shi ne zuciyar batun, kuma an gwada shi tun da daɗewa. A 1943 Salvador Luria da Max Delbrück suka nuna da ƙwayoyin bakteriya cewa canjin da ke ba su kariya yana aukuwa tun kafin su haɗu da abin da ke kashe su. A 1952 Joshua da Esther Lederberg suka ƙara tabbatarwa: suka kwafi tarin bakteriya daga faranti zuwa faranti da ƙyalle, suka gano tarin da ke da kariya, sannan suka koma farantin asali wanda bai taɓa ganin abin kashewar ba, suka tarar kariyar tana nan a daidai wurin. Magani aikin rariya yake yi: ba ya ƙirƙirar tsaki, abin da ke cikin garin tun farko yake rarrabewa.

Daga ina bambancin ke fitowa? Daga kuskuren kwafi. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu sai ta kwafe DNA ɗinta, wato rubutun gadon da ke cikinta, kuma a ɗan Adam haruffan sun kai biliyan uku. Kowane jariri yana zuwa da sababbin canje-canje kimanin 60 zuwa 70 waɗanda babu su a jikin uwarsa ko ubansa. Mafi yawansu ba su yin komai, wasu suna cutarwa, ƙalilan ne ke amfani, kuma amfanin ya dogara ga wuri da lokaci. Haihuwa ta hanyar namiji da mace kuma tana sake cakuɗa abin da ke akwai a kowace zuriya. A nan wani ɗalibi zai ce, to ashe komai dace ne kawai. Rabin maganar gaskiya ne. Canjin yana zuwa ba tare da la'akari da buƙatar mai shi ba. Amma wanda zai tsira ya hayayyafa, wannan ba caca ba ce: maganin sange ba ya kashe sauro da ƙuri'a. Kuma zaɓin yana tarawa, abin da ya tsira a wannan zuriya a kansa ake ɗora na gaba. Ko fifikon kashi ɗaya cikin ɗari, wanda ido ba zai gani ba, ya isa ya ɗaga hali daga kashi 1 zuwa kashi 99 a cikin zuriya 900 da ƴan kai. Ga hatsi shekara 900 ke nan. Ga bakteriyar da ke rabuwa duk minti 20, bai kai mako biyu ba.

Sai maganar mai ƙarfi. Jimlar nan da ake yawan maimaitawa ta cewa wanda ya fi dacewa shi ke tsira, Herbert Spencer ne ya ƙirƙiro ta a 1864, kuma ta jawo ruɗani mai yawa. Ma'aunin a ilimin halittu ɗaya ne: zuriya nawa ka bari da ta kai ga haihuwa, a wannan wuri, a wannan zamani. Babu misalin da ya fi sikila nuna haka, kuma kusan kowane ɗalibinka ya san gidan da take. Canjin harafi ɗaya ne a ƙwayar gadon da ke gina haemoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Ana kiran ƙwayar gadon mai canjin S, marar canjin kuma A. Wanda ya gaji S daga uwa da uba, wato SS, yana fama da amosanin jini, kuma inda babu kulawar asibiti yara da yawa ba su kai ga girma. Da ƙarfi ne ma'auni, da S ta ɓace tuntuni. Amma a 1954 Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa masu AS suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kuma binciken baya ya nuna haɗarin zazzaɓi mai tsanani yana raguwa a wurinsu da kusan kashi 90. Ke nan a ƙasar da sauro ya yi yawa, AA yana cikin haɗarin masassara, SS yana cikin haɗarin sikila, AS ne ke tsakiya. Zaɓin yana tura S sama ta hannun AS, yana jan ta ƙasa ta hannun SS, sai ta tsaya a wani mataki. In S ta kai ɗaya cikin goma na ƙwayoyin gadon al'umma, a jarirai 100 za a samu kimanin 81 AA, 18 AS, 1 SS. A ƙasar da babu masassara kuwa S ba ta da wata riba, sai asara.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Zaɓin yanayi ba ya neman alherin kowa. Yana iya riƙe abin da ke wahalar da yara muddin lissafin haihuwa ya ba shi riba. Kuma bayanin yadda abu ke faruwa ba umarni ba ne na yadda za a zauna da juna. Waɗanda suka ɗauki ka'idar suka kafa hujjar fifita wata ƙabila a kan wata, ko barin talaka ya mutu, siyasarsu suka shigo da ita. A aikace abin da ilimin ke ba mu shi ne gwajin jini kafin aure: AS da AS in suka yi aure, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS. Kowane ciki, Malam, ka jaddada musu wannan. Haihuwar SS ɗaya ba ta nufin uku na gaba sun tsira.

Sauyin ba shi da alƙibla, yana iya komawa baya. Ƙwayar masassara mai jure kulorokin ta ɓullo a ƙarshen shekarun 1950 a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, ta iso Afirka ta Gabas a 1978, ta watsu zuwa yamma a shekarun 1980. Malawi ta daina amfani da kulorokin a 1993. Da maganin ya bar fili, sai ƙwayoyin da ba su da kariyar suka rinjayi masu ita, domin kariyar tana da tsada a jikin ƙwayar, tana rage mata kuzari. Gwajin da aka yi a Malawi a 2005 ya nuna kulorokin ya koma yana warkar da kusan kowa. Wace ƙwaya ce ta fi ci gaba, mai kariya ko marar ita? Tambayar ba ta da amsa sai an faɗi ko akwai magani a jinin mutane ko babu.

Gonar hatsi ma tana da nata labarin. Hatsin daji na Sahel yana zubar da ƙwayarsa ƙasa da zarar ta nuna. Mutanen farko da suka riƙa yankan zangarniya suna ajiye iri, ba tare da sun shirya ba sun riƙa tara ƙwayar tsirran da ba su zubarwa, domin ita ce ke isa gida. An samu shaidar hatsin gida a kwarin Tilemsi na Mali tun kimanin shekara 4500 da suka wuce. Shibra da manoma ke gani a gona har yau tsatson cakuɗuwa ce da halayen na daji: tana zubar da ƙwaya, tana riga nuna, kuma tun tana ƙarama tana kama da hatsi, don haka wadda ta fi kama ita ke tsallake hannun mai cira. Akwai kuma binciken da masanan cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Nijar suka buga a 2011. Sun ɗauki irin hatsin da aka tattara daga ƙauyukan Nijar a 1976, suka koma ƙauyukan a 2003 suka sake tattarawa, suka shuka biyun gefe da gefe a fili ɗaya don kada bambancin ƙasa ya ruɗe su. Irin 2003 ya riga fitar da fure, tsawonsa da na zangarniyarsa sun ragu, kuma wata ƙwayar gado mai sa saurin fure ta kusa ninka yawanta. Manoman ba su sauya nau'in da suke shukawa ba. Shekarun fari ne, irin na 1984 da gajerun damanan da ke tsakanin 1976 da 2003, suka riƙa barin mai saurin nuna ya cika rumbu. A nan hannun manomi da na yanayi sun haɗu, ba a iya raba su sarai. Jar akuyar Maradi kuwa ta fi karkata ga hannun mutum, tunda makiyayi ne ke zaɓar bunsurun da zai bari da wanda zai dandaƙe.

Ga manomin da ke son amfani da wannan: hatsi iska ke kai masa garin fure daga tsiro zuwa tsiro, saboda haka uban ƙwayar da ke hannunka yana iya zama shibrar gefen gona ko hatsin maƙwabci. A cire shibra kafin ta yi fure. A zaɓi iri tun hatsi na tsaye, daga tsakiyar gona, ana gwada kowane tsiro da na kusa da shi, a kauce wa gindin gawo da makwancin shanu. Kuma a ɗebo daga zangarniyoyi masu yawa, ɗari ko fiye. Wanda ya tsaya kan biyar ko goma mafi girma ya ƙuntata bambancin irinsa, ranar da wata cuta ko gajeriyar damana ta zo babu abin da zaɓi zai kama.

Wannan ya kawo mu ga abin da littattafan makaranta kan wuce da sauri: ba kowane sauyi ne zaɓi ba. In gobara ta cinye rumbuna a ƙauye, iri ya saura a gida biyu kawai, halayen hatsin gidajen nan za su mamaye ƙauyen ba don sun fi kyau ba. In aka sayo iri a kasuwar Dakoro ko Tasawa bayan fari, sababbin ƙwayoyin gado sun shigo. Duka biyun suna sauya taron. Abin da ya keɓanta da zaɓin yanayi shi ne shi kaɗai ke sa halitta ta dace da muhallinta. Kuma dacewar ba ta cika zama cikakkiya ba, don da abin da ke akwai ake gini. Raƙuman dawa na Kure, waɗanda aka kai wasunsu gandun Gadabeji a jihar Maradi a 2018, ƙashin wuyansu bakwai ne kamar na mutum, kowanne ne ya yi tsawo. Jijiyar da ke motsa maƙogwaronsu tana saukowa daga kai har kusa da zuciya, ta zagaye babbar hanyar jini, ta sake hawa, tafiyar fiye da mita huɗu don isa wurin da ke kusa da inda ta taso. A jikinmu ma haka take zagayawa, tazarar ce gajera.

Game da magani a asibiti, a gyara wa ɗalibai wata magana: jikin mutum ba shi ne ke daina jin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, ƙwayoyin da ke jikinsa ne aka tace. Shi ya sa ake haɗa magunguna. In damar samun kariya daga magani ɗaya ita ce ɗaya cikin miliyan, daga na biyu ma haka, damar ƙwaya guda ta samu duka biyun a lokaci ɗaya ita ce ɗaya cikin miliyan sau miliyan. Maganin tarin fuka magani huɗu ne a wata biyu na farko, sannan biyu a wata huɗu na baya. Maganin masassara na artemeta da lumefantirin sha shida ne cikin kwana uku. Na farkon yana rage ƙwayoyin da sauri ya fita daga jini, na biyun ya daɗe yana share ragowar. Mai shan biyu ya ajiye sauran don ya ji sauƙi, da mai sayen ƙwaya a tire wadda rana ta gasa ko sinadarinta bai cika ba, suna samar da daidai yanayin da masu ɗan ƙaramin juriya ke tsira. An riga an tabbatar da ƙwayoyin masassara masu jinkirin mutuwa da artemisinin, tushen artemeta, a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Shan antibiyotik don mura kuwa asara biyu ce: ba ya taɓa bairos ɗin da ke kawo murar, amma yana tace bakteriyar hanjin mai shan.

Maganar biri. Ka'idar ba ta ce wani biri da ke raye yau ya rikiɗe ya zama mutum ba. Abin da masana ilimin halittu suka kai gare shi daga ƙasusuwan da aka tono da kwatanta DNA shi ne mutum da shimfanzi sun haɗa kaka kimanin shekara miliyan shida zuwa bakwai da suka wuce, kowane reshe ya bi hanyarsa. Ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta da aka sa wa suna Tumai, wanda aka samu a hamadar Jurab ta arewacin Cadi a 2001, yana daga cikin shaidun da ake tattaunawa a kai. Tambayar "me ya sa har yanzu akwai birai" amsarta ɗaya da ta "me ya sa har yanzu akwai hatsin daji". Ɗalibanka za su kawo batun addini, kuma hakkinsu ne. Ka bambance musu: awo da gwaji suna bayyana yadda abu ke gudana, ba su da ma'aunin da za su yi hukunci kan Mahalicci ko manufar halitta, kuma malaman addini suna da maganganu mabambanta kan asalin ɗan Adam waɗanda ba a ajin SVT za a yanke su ba. Aikinka shi ne su san abin da ka'idar ta ce daidai, da hujjojin da ta dogara a kansu. Ni dai a ganina kuskure ne a buɗe darasin da wannan batu. A fara da sauro da hatsi da sikila.

Kana iya yi musu gwaji a filin makaranta. A watsa ƙwayar dawa ja 50 da fara 50 a kan jar ƙasa, ɗalibai uku su tsinta da yatsu biyu na daƙiƙa 20, a ƙirga abin da ya saura, a ninka kowane launi, a sake watsawa. Bayan zagaye uku ko huɗu a zana jadawalin. Sannan a maimaita a kan farin buhu.

Saura tambayar da mai kaifin basira cikinsu zai yi: duk wannan sauyi ne a cikin jinsi ɗaya, ina sabon jinsi? Jinsi yana rabuwa ne in taro biyu suka daina cakuɗa gado, kowanne ya tara nasa canje-canjen. Sauron masassara na yankinmu yana kan wannan gaɓa. Abin da aka daɗe ana ɗauka jinsi ɗaya, a 2013 aka raba shi biyu, Anopheles gambiae da Anopheles coluzzii. Ido ba ya bambance su, sai gwajin DNA. Tsutsar gambiae ta fi son ƙananan kududdufan ruwan sama masu saurin bushewa, ta coluzzii ta fi jure ruwa mai daɗewa irin na gonakin shinkafa da na ban ruwa. Mazansu suna taruwa da magariba a wurare dabam don barbara, shi ya sa cakuɗuwarsu ba ta da yawa a mafi yawan wurare. Amma katangar ba ta gama rufewa ba: a Mali, wajen 2006, lokacin da sange mai magani ya yawaita, kdr ta tsallaka daga gambiae zuwa coluzzii ta hanyar ƴaƴan cakuɗuwa, ta watsu cikin ƴan shekaru.

Saboda haka ne ake sauya irin sangen da ake rabawa. Wasu an ƙara musu PBO, sinadarin da ke toshe hanyar da jikin sauro ke narkar da maganin, wasu kuma an haɗa musu magani na biyu, kulorfenapir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2023. Su ma za su yi nasu tacewar, don haka ake auna sauro a kai a kai. Ana ɗaukar mata kimanin 100 masu kwana uku zuwa biyar waɗanda ba su sha jini ba, a zuba 20 zuwa 25 a kowane bututu mai takarda da aka jiƙa da magani, su yi awa ɗaya a ciki, a mayar da su bututu mai tsabta, a ƙirga matattu bayan awa 24. In mutuwar ta kai kashi 98 ko fiye, maganin yana aiki. In ta faɗi ƙasa da kashi 90, an tabbatar da juriya a sauron wannan yanki. Tsakanin biyun kuma sai a sake gwajin.